Don kana da kawu a Legas

Akwai tambayar da ake yi wa ɗan Najeriya idan ya tsaya gaban alƙali a Ingila ko Jamus yana ɗaukaka ƙara bayan an hana shi mafaka, kuma sau da yawa a kanta shari'ar take karyewa. Alƙali yana iya yarda cewa labarinka gaskiya ne, ya yarda cewa in ka koma garinku akwai masu jiran ka da sharri, sannan ya ce: to ai Najeriya ƙasa ce mai faɗi, jihohi 36, mutum sama da miliyan 200, me zai hana ka je Legas ko Abuja ko Fatakwal ka zauna? Daga nan sai a tambaye ka wa kake da shi a can. In ka ce akwai wani kawunka da yake sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, to kusan an gama magana.

Ni ban yarda a gama magana a nan ba. Samun ɗan'uwa a wani gari hujja ce da ya kamata a duba, amma ita kaɗai ba ta kai a ɗora ran mutum a kanta ba. Abin da ya sa na damu, duk da cewa ina zaune a ƙauye a Jigawa, nesa da waɗannan kotuna, shi ne mu ake siffantawa a can. Zumuncinmu, da yadda muke karɓar baƙo, da yadda gida ɗaya yake ɗaukar mutum ashirin, su ne ake rubutawa a rahotanni a miƙa wa alƙali. Samarinmu da suka bi ta Agadas suka tsallaka Libiya suka faɗa Italiya, da 'yan kaɗan ɗin da karatu ko aure ya kai Birtaniya sannan komawa ta gagara, da wannan siffa tamu ake auna su.

Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda aka faɗaɗa a 1967, ta ce a kare wanda yake da tsoro mai tushe na tsangwama saboda launin fata, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Ba ta ambaci komawa wani sashe na ƙasarka ba. Kotuna da gwamnatoci ne suka gina wannan daga baya, bisa tunanin cewa in ƙasarka za ta iya kare ka a wani gefe, babu dalilin da wata ƙasa za ta ɗauki nauyinka. A 2003 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jagora a kai, ta ce sai an tabbatar wurin yana da aminci kuma ana iya isa gare shi, sannan mutum zai iya yin rayuwa irin ta kowa a can ba tare da wahalar da ta wuce kima ba. Tarayyar Turai ta saka makamancin haka a sashe na 8 na dokarta ta 2011 kan masu neman mafaka. A Birtaniya kuwa, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta daddale ma'aunin a shari'ar Januzi a 2006, ta sake jaddada shi a 2007 a shari'ar wasu 'yan yankin Darfur na Sudan da aka ce su koma Khartoum, babban birnin ƙasar: shin tura mutum can tsanani ne da ya wuce hankali, in aka dubi shi kansa da halin da yake ciki? A cikin wannan halin ne maganar dangi take shigowa.

Ba zan ce alƙali ya yi laifi da ya tambaya ba. Mu da kanmu shaidu ne cewa dangi suna ceton rai. A 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza da Bama da Mubi, mafi yawan waɗanda suka gudu ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka shiga, a Maiduguri da Yola da Gombe, wasu har Kano da Haɗeja. Haka aka yi da mutanen Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka tasa, wasu suka tsallaka Maraɗi wajen 'yan'uwansu tun daga 2019. Wanda yake da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba ɗaya yake da wanda ba shi da ita ba, kuma duk wanda ya musa wannan bai san ƙasar nan ba.

Sai dai a tsaya a ga yadda riƙon yake tafiya bayan an shiga ƙofar. A unguwarmu akwai magidancin da ƙanwarsa ta zo masa daga wajen iyakar Katsina da 'ya'yanta, bayan an kashe mijinta a gona. Ran da suka iso babu wanda bai yi kuka ba. Aka share ɗakin da yake ajiye garma da buhunan taki, maƙwabta suka kawo tabarmi da tsofaffin zannuwa, uwargidansa ta yi tuwo ta ƙara wani. Da kaka ne, rumbu a cike. Amma damin geron da aka lissafa zai kai iyalinsa sabuwar kaka, yanzu baki ya ƙaru a kansa, kuma gonar ba ta ƙaru ba. Kafin ruwa ya zauna an koma awo a kasuwa, tiya-tiya. Daga nan aka daina ɗora tukunyar rana. Uwargida ba muguwa ba ce, amma ita take raba tuwo, ita take ganin malmalar 'ya'yanta tana ƙanƙancewa, sai habaici ya fara fita ko ba ta so. Mutumin nan bai taɓa cewa ƙanwarsa ta tafi ba, kuma ba zai taɓa faɗa ba. Abin da ya faru shi ne an kai yaran maza biyu almajiranci, babbar 'yar kuma, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare kafin su gudo, aka ba da ita ga wanda ya fara zuwa da maganar aure. In ka rubuta wannan a takarda, za ka ce matar ta samu tallafin dangi, kuma ba ka yi ƙarya ba.

Wannan gida ba shi ne mafi talauci a garin ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya haura kashi 80. A shekarar ce ambaliya ta cinye gonaki daga Ringim har Haɗeja. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma aka tsayar da shi a naira 70,000, ga wanda ma yake da albashin. Zumuncin da kakanninmu suka yi, sun yi shi ne da rumbu biyu da daji a buɗe. Niyyar tana nan, ƙarfin ne ya ragu, kuma rahoton da aka rubuta kan al'adunmu ba ya nuna wannan ragin.

Shi kuma kawun na Legas, wane ne shi? Duk wanda ya taɓa zuwa cirani ya san amsa. Mafi yawan mutanenmu a can ba su da gida. Suna kwana a shago bayan an tashi kasuwa, ko a barandar masallaci a Agege, ko a ɗan ɗakin gadi a bakin get ɗin wani, ko su shida a ɗaki ɗaya a Idi-Araba suna karɓa-karɓar tabarma. Iyalinsu suna gida, abin da suka samu nan suke turowa. Shi kansa zamansa a garin bai tabbata ba. A watan Agusta na 2019 jami'an Legas sun tare mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su aka yi ta bincike kafin a sake su, alhali sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ya zauna inda ya so. A 2022 aka hana acaba a manyan sassan birnin, sana'ar da dubban samarinmu suke ci da ita. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Sasa a Ibadan ya kori Hausawan da wasunsu a can aka haife su. A Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida Kano yin Sallah, da yawansu mutanen Bunkure ne. Ga kuma maganar takardar shaidar asali, wadda in ba ka da ta jihar da kake zaune, aikin gwamnati da gurbin karatu da tallafi duk sai dai ka gani a hannun wasu. Ban ce Bahaushe ba ya iya rayuwa a Kudu ba, miliyoyi suna yi. Saurayi lafiyayye mai sana'a a hannu zai iya kutsawa, kuma in alƙali ya ce masa haka ba zan yi gardama sosai ba. Amma a ce mace da goyo, ko mai ciwon da yake bukatar magani kullum, ko wanda abin da ya gani ya taɓa masa hankali, ya je wajen kawun da shi ma a kan benci yake kwana, wannan ba mafita ba ce.

Akwai wata hujja da take ƙona min rai fiye da sauran. A wani hukunci na 2014 kan mayar da mutane Mogadishu, babbar kotun shige da fice ta Birtaniya ta jera abubuwan da za a duba: dangi ko ƙabilar da mutum zai jingina da su, kuɗin da ake turowa daga waje, damar samun aiki, har da tambayar me ya sa wanda ya iya haɗa kuɗin tafiya Turai ba zai iya samun tallafi in ya dawo ba. Hukuncin na Somaliya ne, amma irin wannan tunani yana bin kowa. A ido yana da ma'ana: waɗanda suka biya maka jiya za su riƙe ka gobe. A wajenmu kuwa ta yaya ake haɗa kuɗin? Gona ake sayarwa ko a jinginar, a kaɗa shanun huɗa a kai Maigatari, uwa ta fitar da 'yan kunnenta na gwal da ta ajiye don auren ƙanwarka. Gona sau ɗaya ake sayar da ita. Wanda aka yi wa wannan ya dawo hannu rabbana, ba wajen masu tallafa masa ya dawo ba, wajen waɗanda ya karya ya dawo, kuma kullum zai gani a fuskarsu ko ba su furta ba.

Duk wannan maganar iyawa ce. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta inda dangin su ne abin gudun. Yarinyar da ta tsere wa auren dole, matar da ta gudu daga mijin da yake neman hallaka ta, wanda aka yi wa ƙazafin da ya sa gari ya taso masa, wanda rigimar gado ko ta gona ta kai ana neman ransa: waɗannan ba daga baƙi suke gudu ba. In ka ce wa irin wannan yarinya ta je wajen gwaggonta a Kaduna, ka manta cewa gwaggo ƙanwar uban ce. Ran da ta sauka, kafin ta sha ruwa an buga waya gida. Ba don mugunta ba, don a wajen gwaggo ɓoye wa yayanta inda 'yarsa take babban laifi ne, kuma tana ganin gyara take yi. Za ta zaunar da ita ta ce, "Haba 'yar nan, ubanki ne fa. Ki yi haƙuri ki bi, albarkar iyaye ake nema." Bayan kwana kaɗan sai baffa ya zo da mota. Ko kawu na ɓangaren uwa, wanda aka san shi da tausayi, da wuya ya yarda a ce shi ya raba 'ya da ubanta, domin ƙanwarsa tana gidan uban, kuma aurenta ne zai girgiza.

Hanyar da taimako yake bi ya iso gare ka, ita labarinka yake bi ya koma. Alƙalin da yake kallon taswira yana ganin kilomita kusan dubu tsakanin Kano da Legas, yana ganin ɓacewa cikin mutum miliyan goma sha wani abu abu ne mai sauƙi. Bahaushe kuwa in ya sauka Legas ba cikin miliyoyin nan yake shiga ba, unguwar Hausawa yake nufa, wajen mutanen garinsu, ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Direban tirelar da ya ɗauko shanu daga Wudil ran Juma'a zai gan shi, ya dawo ya faɗa a tasha. Abin da aka yi a Agege da safe, kafin la'asar yana zauren WhatsApp na dangi. A ƙauye ma haka ne, baƙo ba ya kwana biyu mai unguwa bai san daga ina yake ba, da ɗan wane ne, kuma tun da rashin tsaro ya ƙaru an ƙara matsawa a kan haka, da gaskiyarsu. Saboda haka zaɓin da yake gaban mai gudun dangi guda biyu ne, kuma kowanne yana rushe hujjar alƙali: ya je wajen 'yan'uwa a same shi, ko ya guje su ya rasa tallafin da aka ce shi ne zai sa komawar ta yiwu.

In ta guje su kuma, ita mace, ina za ta? A garuruwanmu mai gida ba ya ba budurwa ko bazawara hayar ɗaki ita kaɗai sai ya tambayi mijinta ko waliyyinta, in kuma ya bayar, unguwa ta sa mata suna. Kotunan Birtaniya kansu sun taɓa ganin inda wannan hanya take ɓullewa. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta soke hukuncin da ya ce wata matashiya marainiya daga arewacin Uganda ta koma Kampala, bayan an yarda cewa da wuya ta rayu a can ba ta faɗa karuwanci ba. Kotun ta ƙi karɓar cewa don mata da yawa a can haka suke rayuwa, ita ma sai ta je ta yi. A 2016 kuma, a hukuncin da ya zama jagora kan matan Najeriya da aka yi safararsu, kotu ba ta tsaya kan ko mace tana da dangi ba, ta ce a duba ko akwai dangi masu tallafi da suke shirye su karɓe ta. Wannan shi ne daidai, kuma abin da nake nema bai wuce a riƙe shi a kowace shari'a ba, ta mace ko ta namiji. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. 'Yan Darfur ɗin da aka ce a 2007 za su iya zama a Khartoum, a 2009 kotu ta dawo ta ce waɗanda ba Larabawa ba daga cikinsu ba za a sa ran su koma ko'ina a Sudan ba.

Mu ma muna da namu kason a wannan matsala, ta hanya biyu da suke karo da juna. Ta farko ita ce ƙarya. Akwai masu zuga mutum tun a hanya cewa in an tambaye ka ka ce ba ka da kowa, duk an kashe su. Sai a duba wayarsa ko shafinsa na Facebook a ga jiya ma ya yi magana da yayansa. Daga nan alƙali ya daina yarda da komai, har da gaskiyar da take cikin labarin, kuma wanda zai zo bayansa da gaskiya tsantsa shi ma ya gaji zargin. Wannan zalunci ne ga mabukata na haƙiƙa, kuma haramun ne ko a gaban wane alƙali aka yi shi.

Ta biyun ta fi wuyar magani, domin daga kyakkyawar tarbiyya ta fito. Kunya da kara ba sa barin Bahaushe ya tsaya gaban baƙo, ta bakin tafinta, ya ce kawuna ba zai iya ciyar da ni ba, ko matar yayana ba za ta bar ni na kwana uku ba. Tonon asirin gida ne. Sai a tambaye shi, "Kuna zaman lafiya da shi?" ya ce lafiya lau. "Zai kore ka in ka je?" ya ce a'a, subhanallahi. Shi ma kawun, da za a kira shi a waya, cewa zai yi, "Ai ɗana ne, gidansa ne, Allah ya kawo shi lafiya," ko da a ranar bai karya kumallo ba. Dukansu babu wanda ya yi niyyar ƙarya, amma abin da aka rubuta a fayil ba shi ne gaskiyar zaman ba. A tsarin Birtaniya kuwa, da zarar ma'aikatar cikin gida ta nuna garin da take ganin za ka iya komawa, kai ne za ka nuna dalilin da ya sa ba zai yiwu ba. Shirun da ka yi don kare mutuncin kawu, a kanka zai faɗo.

Don haka alƙalin da yake son gaskiya kada ya tsaya kan "kana da kowa?" Ya tambayi inda mutumin yake kwana, da wa da wa, me yake samu, baki nawa yake ciyarwa, yaushe rabon da su yi magana, ya san dalilin gudun ko bai sani ba, in ya sani yana ɓangaren wa, kuma mene ne tsakaninsa da wanda ake gudu. Ya tambayi wata nawa riƙon zai ɗauka, da abin da za a nema a madadinsa, domin tallafin da sharaɗinsa shi ne ki koma gidan mijin da kika gudo, ko ka janye maganar gonar da aka ƙwace, ci gaban tsangwamar ne. Lauyoyi da tafintoci 'yan Arewa da suke can su ma su riƙa yi wa mutanenmu bayani tun kafin a shiga, cewa faɗin halin da gida yake ciki a wannan wuri ba cin amanar dangi ba ne.

Mu da muke gida kuma, wata rana za a iya aiko mana cewa ɗan wane yana shari'a, ana son takarda daga wajenmu. Kada mu rubuta cewa an ƙone garin alhali yana nan, kada kuma kara ta sa mu rubuta cewa za mu riƙe shi alhali mun san ba za mu iya ba. In ɗaki ɗaya gare ka da mata da 'ya'ya bakwai, rubuta haka. In gonar da aka sayar don tafiyarsa ita ce ta gidan, faɗi wanda ya saya da shekarar, ka haɗa da takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu. In kuma ka san ran da ya sauka gidanka dole ka sanar da wanda yake nemansa, domin yayanka ne ko surukinka, to wannan ma ka rubuta shi, ka sa hannu.